Azumin da Na Ba Sa'ade Jini

Azumin bana ya dawo daidai inda ya same mu shekara talatin da uku da suka wuce, a bakin bazara, lokacin da rana ke fitowa da fushinta tun hantsi. Masu ilimi sun ce haka watan yake zagayowa. Ni ban iya wannan lissafi ba, amma jikina ya gane shi. Ranar da na fito daga sallar azahar ƙasa ta ƙona min tafin ƙafa ta cikin silifas, na tsaya cak a ƙofar masallaci, na ce wallahi na san wannan zafin.

A cikin azumin nan ne kuma na yi kwana tara ina yawo da wata magana da ya kamata in gaya wa ƙanwata Sa'ade, tana kwance a asibiti a Kano, na kasa. Ni Hamisu, da duk ƙauyenmu na bayan Getso an san ba na haɗiye magana ko a gaban waye. Tsoro nake ji. Tsoron in ta ji ta juya min baya, ta tafi lahira ba ta yafe min ba. Maganar kuwa ba za a gane ta ba sai an koma wancan azumin.

Daminar da ta gabace shi gardama ta yi mana. Ruwa ya ɗauke dawa na da ciki, ta bushe a tsaye. Gero ya ɗan yi, wake kuwa ko na iri da ƙyar muka tsira da shi. Kafin Sha'aban ya raba, rumbu ɗaya ya zama ɗakin kaji, ɗayan kuma Baba ne kaɗai ke hawansa. Zai fito da dami guda ya dire a tsakar gida, ya dubi Inna ya ce, "Kwana huɗu." Inna ta ɗauke shi ta shige. Mu goma sha ɗaya ne a gidan, ita ta san yadda take yi.

Amma duk rashin nan bai hana mu abin da muka saba ba. A unguwarmu ba a shiga azumi sai maza sun yi ƙaho. Abin da muka taso muka ji shi ne zafi na tayar da mataccen jini, in ba a fitar da shi ba mutum zai yi ta fama da ciwon kai da kasala har salla. Saura kwana uku a ga wata Tanko wanzami ya zo da zabirarsa, ya shimfiɗa buzu a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Muka tuɓe riguna muka jeru, mu wajen goma sha biyar har da maƙwabta. Zai kafa ƙahon a bayanka ya zuƙa har fatar ta taso, ya cire ya tsattsaga wurin, ya mayar. Can ya juye abin da ya taru a sakaina mai yashi, ya nuna maka. "Ka ga baƙinsa? Da wannan za ka shiga azumi?" Askar tsagar guda ɗaya ce. In ya gama da mutum sai ya goge ta a wani tsumma da ke kan cinyarsa, ya ɗan wasa ta a fata, ya ce, "Na gaba."

Ni tun ina shekara goma sha biyar ban taɓa fashi ba, a lokacin kuwa ina da ashirin da shida. Ƙanena Sule ne kaɗai ba ya yarda. Da ya hango zabira sai ya tuna yana da aiki a bayan gari. Na yi masa tsiya har na gaji, na ce ya je Inna ta ɗaura masa zane.

Aka ga wata, zafi ya ce ga ni nan. Rijiyar unguwa ta ja baya har guga ta koma fitowa da taɓo. Mata kan kafa layi tun gari bai gama wayewa ba, kowacce ta samu rabin tulu, ta kai gida ta jira ya kwanta kafin ta tace. Da abin ya ishe mu sai dattawa suka ce a yashe ta. Kullum bayan sallar asuba mu taru a bakin rijiyar, biyu su sauka, sauran su ja. Ni ne kusan kullum a ƙasa, don ba ni da jiki kuma ba na jin tsoro. Can ciki akwai sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kana tsaye a taɓo har gwiwa, ruwa na tsattsafowa tsakanin yatsunka, maƙogwaronka kuwa a bushe ƙamas. Ban taɓa sanin ƙishirwa irin ta gindin rijiya ba.

In hantsi ya ɗaga mu fito, mu ɗora wa jakuna mangala mu kai taki gona, don ruwa ba ya jiran wanda bai shirya ba. Kafin azahar kowa ya gama mutuwa. Mu zube a zaure, kowa ya jiƙa mayafi ya rufa, kafin ka juya ya bushe. Ko kaji buɗe baki suke su saki fukafukai a gindin randa. Leɓenka ya tsage, in ka lasa ka ji gishiri. Da la'asar sai ka fara jin luguden mata daga cikin gida, a hankali, ba irin na kaka ba. Shan ruwa kunun tsamiya ne, tsararo, kana hango ƙasan ludayi. Ƙosai sai ranar Juma'a. Bayan isha tuwon dawa da miyar kuka wadda ba ta san nama ba, abin da ya rage a ɗumama shi ya zama sahur.

A wannan hali Sa'ade ta zo goyon ciki. Shekararta ɗaya da aure a wajen Kabo, mijinta Ɗanlami mai gyaran keke, mutum mai sanyin hali. Cikin fari ne, don haka aka dawo da ita gida ta haihu a gaban Inna kamar yadda ake yi. Duk gidanmu ita kaɗai ke mayar min da magana. In na yi tsawa kowa ya watse, ita sai ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Ka gama, Yaya, ko da saura?"

Inna ta ce kada ta yi azumi. Ta ce sai ta yi. Aka kai ƙara wurin Baba, ya ce Allah ya ɗauke mata, ta ce ita dai tana jin ƙarfinta. Daga baya na gane dalilinta. Ta ga yadda ake raba tuwon, ba ta so a ce ita kaɗai ake ɗora wa tukunya da rana. Wata rana na kama ta tana tura rabin nata cikin kwanon yara.

"Ke, mayar da shi!" na ce.

"Na ƙoshi."

"Kin ƙoshi da me? Dubi hannunki."

Tafin hannun nata fari fat, haka cikin idonta. Ta ɓoye shi a zane ta ce in je in ji da rijiyata.

Ranar goma sha bakwai ga wata ina gindin rijiya na jiyo guɗa daga gidanmu. Masu jan igiya suka leƙo suka ce, "Hamisu, ka yi 'ya!" Na ce su bari in cika wannan bokitin. Ban cika shi ba aka sake leƙowa, wannan karon babu dariya. Da na isa gida na tarar da Inna a zaure ko mayafi babu, abin da ban taɓa gani ba, tana ce wa Baba, "Malam, jinin nan ya ƙi tsayawa." Ungozoma ta yi duk abin da ta sani. An jiƙa, an tofa, an ɗaure. Zane uku suka jiƙe.

Muka ɗaura wa shanu amalanke muka shimfiɗa Sa'ade a kan tabarma da jaririyar a gefenta, Inna ta riƙe mata kai, ni ina korar shanun ina dukansu kamar su suka yi laifin. Rana ta take tsaka. Ƙudaje suka biyo mu. A bakin titi muka samu a-kori-kura ta ɗauko itace, direban ya sauke rabi a gefen hanya ya ɗauke mu. Aka tura mai keke ya gaya wa Ɗanlami. Kafin mu isa asibitin da ke kusa da mu Sa'ade ta daina amsa kira.

Likitan ya yi abin da zai yi, jinin ya tsaya. Ya fito ya ce wanda ya zuba ya yi yawa, in ba a ƙara mata ba ba za ta kai magariba ba. Aka nuna mana wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, muka shiga ni da Baba da Ɗanlami, wanda ya iso a guje yana haki. Mai gwajin jinin sunansa Mista Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, gajere mai tabarau. Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Ya miƙe ya ba Baba kujerarsa, ya gaishe shi har da ya jikin yarinyar. A bayansa akwai wani firji mai aiki da kananzir.

"Baba, Allah ya taimake ku," in ji shi. "Akwai jaka ɗaya da ta rage cikin waɗanda aka kawo mana daga Kano, kuma ta dace da jinin 'yarka. An gwada ta a can. Babu ciwon hanta a ciki, babu sabuwar cutar nan da kuke ji a rediyo."

Baba ya dubi firjin, ya dubi Mista Bitrus. "Jinin wane ne?"

"Ba a rubuta suna, Baba. An dai rubuta an gwada."

"Ɗan wane gida ne? Me yake ci, me yake sha? Ɓarawo ne ko mashayi?"

"Ban sani ba, Baba."

"To abin da ba ka sani ba shi za ka ɗura wa 'yata? Ba daga sama ta faɗo ba, tana da dangi."

Kada wani ya yi wa Baba dariya. Haka muka ɗauka dukanmu, cewa halin mutum a cikin jininsa yake, in aka zuba maka na bare ka tashi da halinsa. Ɗanlami ya naɗe hannun riga ya ce ga nasa. Baba ya ɗaga masa hannu.

"Kai zauna. Kai mijinta ne. Nono ma in ya haɗa mutum biyu ya haramta aure, balle jini? So kake ta tashi ta tarar ta zama ƙanwarka?"

Bawan Allahn nan ya sulale ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Sai na ce, "Ni fa?"

Mista Bitrus ya soki yatsana, ya ɗiga a farantin gilashi, ya juya, ya ce ya dace. Yana zagayowa zai ɗaura min roba a dantse sai ya tsaya. Singileti ce a jikina, duk taɓon rijiya, tabon ƙahon kuwa na nan a ƙasan wuyana bai gama warkewa ba.

"Yaushe aka yi maka wannan?"

"Sati uku ke nan," na ce, har da alfahari. "Ka kwantar da hankalinka, an riga an fitar da mataccen. Wanda ya rage tatacce ne."

"Ku nawa aka yi wa da askar?"

"Duk unguwa."

Ya ajiye robar a kan tebur. "Hamisu, ka ji ni da kyau. Ni a nan abin da zan iya dubawa kawai ko jini ya dace da jini. Kayan gwada cuta ba mu da su yanzu. Mutum zai yi shekara da shekaru da ciwon hanta yana noma yana dariya, bai sani ba. Aska kuwa takan ɗauko shi daga wannan ta kai wa wancan. Na jakar nan na san shi. Naka ban san shi ba."

Kai! Nan fa zuciyata ta tashi. Na daki teburinsa har kwalabe suka yi ƙara. "Ni za ka kalla ka ce jinina na da cuta? Ni da na fito daga gindin rijiya yanzu da azumi a bakina? Dube ni sama da ƙasa! Uwa ɗaya uba ɗaya muke da ita, jinin ma ai nata ne, a jikina kawai yake zaune!" Na ƙara masa da wasu maganganu da bai kamata a gaya wa baƙo ba, ba zan maimaita su ba. Baba bai hana ni ba. Na kuma lura, ko a lokacin, cewa maganar Mista Bitrus ta ɗan shige shi, don ya sake kallon firjin. Da na yi shiru, ko na ce Baba a sa na Kanon, na san da ya yarda. Amma ina! Ni an taɓa min jini.

Wata nas ta leƙo ta ce, "Ku yi sauri, matar nan tafiya take yi."

Mista Bitrus ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Allah shaida ne na faɗa muku." Ya sa Baba ya dangwala hannu a wata takarda, ya ce in kwanta.

Da aka gama na miƙe sai ɗakin ya juya, na tsinci kaina a ƙasa. Mutumin da na gama zagi shi ya tallafo kaina, ya kawo shayi mai sukari ya ce in sha, ko malaminmu ma haka zai ce. Na kawar da kai. Na rarrafa na je na zauna a bakin gadon Sa'ade ina kallon jinina yana sauka ɗis, ɗis, ta cikin siririyar roba. Rufin kwano ne, ɗakin kamar tanda, gumi na bin bayana. Wajen la'asar sakaliya leɓenta ya fara yin ja. Can ta buɗe ido ta ce, "Ina jaririyar?" Inna ta nuna mata. Sai ta juyo ta ƙare min kallo, ta ce da wata 'yar murya, "Yaya, kai kuma wa ya tsoma ka a taɓo?"

Na yi kuka a ranar, ban ji kunyar kowa ba. Da aka kira magariba Mista Bitrus ya aiko mana da ruwan sanyi daga firjinsa a kwalba biyu. Na shanye ɗaya tas, ko na gode ban je na ce masa ba.

Aka yi suna, aka sa wa yarinya Hauwa. Aka yi salla da tsofaffin kaya. Limaminmu da ya ji labari ya ce wa Baba zancen miji da mata ba haka yake ba, jini ba ya kashe aure. Baba ya ce, "To, ai an wuce wurin." Rijiya ta kawo ruwa. Muka ci gaba da kallon gabas har wata biyu, sannan wata yamma hadari ya haɗo, iska ta kwashe dangar maƙwabta, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fita tsirara suna ihu. Ƙamshin ƙasar nan har yau in na tuna sai na ji shi a hancina. Washegari kowa ya fita da sungumi, maza na sara, mata da yara na bi suna zuba iri suna takewa.

Gero ya kai gwiwa sai idon Sa'ade ya yi rawaya. Fitsarinta ya koma kamar shayi, ko ƙamshin miya ba ta son ji. Aka ce shawara ce, ai takan kama mai jego. Inna ta yi ta jiƙa mata saiwoyi, aka hana ta mai. Bayan 'yan makonni ido ya washe, ta koma ɗakin mijinta da ƙibarta. Babu wanda ya kawo komai a ransa, har ni.

Daga nan sai abin ya zama abin wasanmu. In ta yi min rashin kunya in ce, "Ke, da jinina fa kike wannan tsiwar." Ta ce, "Shi ya sa ta ƙaru." Ta haifi shida bayan Hauwa, kowanne sai da aka ba shi labarin kawunsa da ya fito daga rijiya ya ceci uwarsu. Ni kuwa in baje a tabarma ina shan yabo. Zancen jakar Kano ba ta taɓa jin sa ba, tunda ba ta cikin hayyacinta. Mu uku muka sani a gidan. Baba ya rasu, Ɗanlami ma ya bi shi, saura ni.

Yanzu a bakin tsohuwar rijiyar nan famfon sola ne, yara ke murɗawa ruwa ya zubo. Da la'asar masu babur na yawo da ƙanƙara a kula. Jikokina ba su san kunun da ake hango ƙasan ludayi a cikinsa ba. Wanzamin da ya gaji Tanko sabuwar reza yake ɓarewa a gabanka, in bai ɓare ba samari su tashi su bar masa buzunsa. Zafin ne kawai bai canza ba.

Tun bara Sa'ade ta fara kumburin ƙafa, daga nan ciki ya biyo, ita kuwa tana ramewa ta sama. Ana saura 'yan kwanaki azumi ta yi aman jini, aka wuce da ita Kano. Suka ce hantarta ce ta lalace, kuma tana bukatar jini. Na tattara 'ya'yanta maza muka tafi ɗakin da ake ɗiba, na shige gabansu na ce, "Ku matsa, ni na saba." Ma'aikaciyar ba ta fi sa'ar Hauwa ba. Ta zaunar da ni ta yi ta jero tambayoyi. An taɓa ƙara min jini? An taɓa yi min ƙaho ko tsaga? Idona ya taɓa yin rawaya? Na ce, "'Yar nan, ƙanwata ce fa, ba bare ba." Ta ce, "Baba, ko uwa ce za ta ba ɗanta sai mun gwada." Ta ɗibi kaɗan ta ce mu jira a waje.

Da ta fito ni kaɗai ta kira, ta rufe ƙofa. "Baba, ba za mu ɗauki naka ba. Akwai ƙwayar ciwon hanta a jininka."

Na ji tsohuwar zuciyar nan ta taso, har na ɗaga hannu zan daki tebur. Sai hannun ya tsaya a sama. Wallahi tabaran Mista Bitrus na gani a gabana.

Likitar da ke duba Sa'ade ta zauna da ni. Ta ce ta riga ta tambaye ta ko an taɓa ƙara mata jini, ta amsa da murna cewa na yayanta ne. Na ce, "Likita, gaya min gaskiya, ni na sa mata?" Ta ce ba za ta rantse ba. Wasu daga uwa suke samu tun a haihuwa, ta yiwu mu biyun haka muka taso da shi. Ta ce a kawo wani ɗan ɗakinmu a gwada. Na kira Sule a waya ya zo. Sule mai gudun aska, da na ce a ɗaura masa zane, jininsa tas. Na ba likitar labarin shawarar da Sa'ade ta yi wata uku bayan ƙarin jinin. Ta dai sunkuyar da kai tana rubutu. Ta ce tawa hantar da sauranta, za a riƙa duba ni, a gwada iyalina da 'ya'yan Sa'ade, wanda ba shi da shi a yi masa rigakafi. Ta ce gaya wa Sa'ade kuma ni ya rage wa.

Aka ƙara mata jaka uku, biyu na 'ya'yanta, ɗaya ta wani bawan Allah da ba mu san ko waye ba. Babu wanda ya tambayi ɗan wane gida ne.

Kwana tara ina hawa mota daga Gwarzo in je in zauna a gefen gadonta. In yi mata ya jiki, in yi zancen zafi, in yi zancen taki, in tashi. Ni da na ɗauko abin ina yawo da ƙafata garau, ita tana kwance. A rana ta goma, bayan la'asar, Hauwa ta fita wanke kwanuka, ya rage daga ni sai ita. Fanka na juyawa a sama tana kaɗa iska mai zafi.

"Yaya," ta ce, "kwana tara kana zuwa kana zama kamar mai gaisuwar mutuwa. Ban mutu ba tukuna. Faɗi abin da ke bakinka."

Na ce, "Sa'ade, ciwon nan naki ni ma ina da shi. Sule ba shi da shi. Ga dukkan alamu jinin nan da na ba ki ne."

Ta dubi fankar. Sannan ta ce, "Ranar nan kana da wani jinin ne ka ɓoye, ka ba ni mai cutar?"

"A'a."

"To wanda kake da shi ka bayar. Mene ne na hawaye, ƙato da kai?"

Da maganar nan ta buɗe min ƙofa, da na so da na fice ta nan. Amma rabin maganar na faɗa, kuma ba wannan rabin ne ya hana ni barci ba.

"Akwai wani," na ce. "Ba nawa ba."

Na gaya mata duka. Jakar da ke cikin firji, wadda aka gwada. Abin da Mista Bitrus ya gani a wuyana da abin da ya faɗa. Yadda Baba ya fara saukowa, da yadda na daki tebur na rufe bakin kowa. Na ce, "An gaya min, Sa'ade. Ba rashin sani ba ne kaɗai. An gaya min da Hausa, na ƙi ji."

Ta rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefe ya shige mata kunne, ba ta share ba. Ana ta wucewa da kwanukan shan ruwa a baranda, wani yaro na kuka a ɗakin gaba, ita ko motsi. Na jira har na fid da rai. Na ce a zuciyata shi ke nan, abin da nake tsoro ya faru, kuma ba ta zalunce ni ba. Na laluba takalmina na miƙe.

Sai na ji an riƙe min gefen riga. Hannun ba ƙarfi, amma ya riƙe.

"Zauna," ta ce. Na zauna. "Ba zan ce maka ban ji zafi ba. Na so in ga auren autana." Ta numfasa. "Amma in tambaye ka. Da ina cikin hayyacina a ranar, aka ajiye jakar nan a nan, aka ajiye hannunka a nan, aka ce in zaɓa, wanne kake zato zan ce?"

Ba ta jira amsata ba.

"Naka zan ce, Yaya. Da ihu ma zan faɗa. Ni ma a gidan nan aka haife ni."

Ba ta saki rigar ba har aka kira magariba.